Shin Ko Kun San? Gardamar Launin Jiragen Yaƙin Duniya Na Biyu

Shin ko kun san cewa akwai mutane, magidanta da furfurarsu, da za su raba dare suna musu a kan ko cikin jirgin yaƙin Ingila na watan Yunin 1940 ya fi karkata ga kore ne ko ga shuɗi? Su ne masu haɗa ƙananan jiragen roba, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya manna su da gam, ya yi musu fenti har su fito sak jirgin gaske. Ma'aunan da aka fi yayi su ne 1/72 da 1/48 da 1/32. Jirgin Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, idan aka mayar da shi 1/72 bai cika santimita 16 ba. Haɗawar ba ta cika ba su wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne launi.

Shin ko kun san cewa tsakanin Yunin 1940 da Agustan 1941 sau huɗu aka sauya wa jiragen farauta na Ingila kama? Da aka shiga yaƙi a Satumbar 1939, bayan jirgi kore ne mai duhu da ruwan ƙasa, cikinsa kuwa rabi da rabi: fiffiken hagu baƙi, na dama fari. Dalili, na'urorin rada na wancan lokaci teku suke fuskanta. Da zarar jirgi ya shigo kan tudu sai dai 'yan sa-ido masu madubin hangen nesa, kuma wannan baƙi da fari ne ke gaya musu na gida ne. A Yunin 1940 aka ce a shafe, a sa wani launi da hukuma ta raɗa wa suna Sky, wanda takardunta suka kwatanta da launin ƙwan agwagwa. A ƙarshen Nuwamba aka dawo da baƙin fiffiken hagu, aka ƙara zobe a kusa da wutsiya. A Afrilun 1941 aka sake cire baƙin. Watan Agusta na kamawa aka sallami ruwan ƙasa ɗungurungum, aka kawo ruwan toka, domin faɗa ya koma kan teku da sararin Faransa, inda ruwan ƙasa ke tona asirin jirgi. To kun ga mai cewa zai yi wa Spitfire ɗinsa "fentin yaƙi" bai ce komai ba tukuna. Na wane wata?

Wani abin ban dariya, umarnin Yunin 1940 ya riga fentin isa sansanoni. Ga abokan gaba a bakin ƙofa, ga takarda ta ce a shafa Sky, ga sito babu Sky. Sai kowane sansani ya yi dabararsa: wasu suka ɗauko wani kore mai haske da suke da shi, wasu shuɗin sama, wasu suka dama nasu a bokiti. Shi ya sa guntayen jiragen da aka tono daga gonakin kudancin Ingila ba su zo da launi ɗaya ba. Haka aka sake yi a 1941 da sabon ruwan tokan da ake kira Ocean Grey. Da ya yi ƙaranci, hukuma da kanta ta ba da lissafin haɗi: kashi 7 na wani ruwan toka mai haske, kashi 1 na baƙi. Abin da ya fito kuwa bai da ɗan shuɗin da na asali yake da shi. Jirage biyu a layi ɗaya, dukansu suna kan doka, amma ido na ganin bambanci.

Shin ko kun san cewa zanen kore da ruwan ƙasan nan iri biyu ne, A da B, ɗaya juyin ɗaya kamar a madubi? Masana'antu kan karɓa-karɓa tsakaninsu yayin da jirage ke fitowa, har farkon 1941 da aka ga ɓata lokaci ne aka tsaya a kan guda. Wanda ya ɗora zanen B a kan jirgin 1943, masu ido za su kama shi tun daga bakin zaure.

Shin ko kun san cewa dubban waɗannan jirage ta Kano suka bi? Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, zagayawa ta ƙasan Afirka kuma tafiyar makonni ce. Sai aka riƙa loda jiragen sama a akwatuna, a sauke su a Takoradi ta ƙasar Gana a yau, a haɗa su a can, su taso Legas, su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi ta Fort Lamy wadda ita ce Injamena a yanzu, su shiga Sudan ta Janaina, su kai Hartum, sannan su bi Kogin Nilu har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, jirgin Blenheim guda yana jan gora, ƙananan Hurricane na biye da shi, saboda shi ne ke ɗauke da mai duba hanya. Kafin a rufe harkar a 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Ga inda zancen ya taɓo launi. Fentin ɓad-da-kama an yi shi ne don kada a ga jirgi, amma matuƙin da injinsa ya mutu tsakanin Maiduguri da Darfur ba abin da yake roƙon Allah kamar a gan shi. Don haka aka riƙa shafa farin fenti na wucin gadi a saman bayan jirgin da kan ƙananan fukafukan wutsiya, yadda masu nema daga sama za su hango shi a cikin daji. In ya isa Masar a wanke. Kuma jiragen farko-farko da koren Ingila da ruwan ƙasarta suka iso. Daga baya ne launin hamada ya kankama, aka maye gurbin kore da ruwan yashi mai ɗan ɗorawa, ciki kuma shuɗi mai ƙarfi da ake kira Azure Blue. Wanda ke son haɗa Hurricane a tsaye a filin jirgin Kano, to sai ya fara tambayar kansa shekara, sannan ya tuna da farin nan, da kuma ƙatuwar matatar ƙura da ake liƙa wa jiragen ƙasashen zafi a ƙarƙashin hanci. A ganina babu samfurin da ya fi dacewa da kantar ɗan Arewa kamar wannan, kuma da wuya ka ga hotonsa a bayan kwali.

Af, kafin mu bar Kano: jiragen sama na farko da suka sauka a birnin, a Nuwamban 1925, guda uku ne ƙirar DH.9A da suka taso daga Masar, kuma jagoransu Arthur Coningham shi ne daga baya ya shugabanci rundunar saman Ingila a hamadar Arewacin Afirka.

Shin ko kun san cewa an yi jiragen yaƙi ruwan hoda? Ba kwalliya ba ce. Wasu Spitfire na leƙen asiri, masu ɗaukar hoto ƙasa-ƙasa a gindin gajimare da sassafe ko da almuru, an yi musu ruwan hoda mai haske ƙwarai, kusan fari, domin a irin wannan lokaci da shi suke sajewa. Masu tashi can ƙololuwa kuma shuɗi mai toka-toka aka ba su. Kuskuren da masu haɗawa suka fi yi shi ne su zuba ja da yawa, jirgi ya fito kamar alewar yara. Amurkawa ma sun samu nasu ruwan hodar, amma su rana ce ta ba su. Ruwan yashin da suka shafa wa manyan jiragensu na B-24 a Libiya, da zafin hamada ya gasa shi sai ya koma hoda-hoda. Da yawa daga jiragen da suka kai hari matatun man Ploesti na Romaniya ranar 1 ga Agustan 1943 da wannan kama suka je, suna shawagi a kan korayen gonakin Turai, ana hango su tun daga nesa.

Shin ko kun san cewa baƙi ba shi ne ya fi ɓoye jirgi da dare ba? Ingilishi sun fara da wani baƙi marar sheƙi ko kaɗan, mai kaushi kamar kunkunniya. Da aka gwada shi a jikin jirgin Mosquito sai aka tarar kaushin ya rage masa gudu da fiye da mil 20 a awa, ga shi yana ɓarewa, ga shi a daren farin wata jirgin ya fi sararin duhu, sai ya fito ƙarara. Daga ƙarshen 1942 jiragen farautar dare na Ingila suka koma ruwan toka da kore. Amurkawa kuma da suka gwada jirginsu na P-61 a gaban manyan fitilun haska sama, sai suka ga baƙi mai sheƙi ya fi marar sheƙi ɓacewa. A teku ma haka: jiragen da ke farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da baƙin ciki suka fara, sai masana lissafi suka nuna cewa mai gadi a kan jirgin ruwa yana kallon sama ne mai haske, don haka fari ya fi wuyar gani. Aka mayar da ciki da gefuna farare.

Shin ko kun san cewa Jamusawa, da duk tsarinsu, su ne suka bar gardama mafi tsawo? Ma'aikatar jiragen samansu, RLM a taƙaice, lamba ta ba kowane launi. Da 70 da 71 koraye ne masu duhu, 65 shuɗi mai haske na ciki, 02 toka mai ɗan kore. Daga 1941 jiragen farauta suka koma 74 da 75 da 76, dangin toka. Na hamada 78 da 79 da 80, wato shuɗi, ruwan yashi da koren zaitun. Jirgin Bf 109F na matuƙi Hans-Joachim Marseille, mai lamba 14 ruwan ɗorawa, wanda ya mutu a Masar a Satumbar 1942, yashi ne a sama, shuɗi a ƙasa, da farin zobe na fagen Bahar Rum. Zuwa nan lafiya lau, domin akwai katunan launi na hukuma da suka tsira.

A 1944 lissafi ya dagule. Aka fito da 81 da 82, aka ce a ƙarar da ragowar tsofaffin fenti tare da su, kuma ba a rarraba wa masana'antu katin launin sababbin ba. Kamfanin Messerschmitt ya rubuta 81 a matsayin ruwan ƙasa mai shunayya, Dornier ya rubuta shi kore mai duhu. Bama-bamai sun sa an warwatsa aikin ƙira: fiffike daga wannan gari, wutsiya daga wancan, kowanne ya zo da fentinsa, a ɗaure su a jiki ɗaya. Jirgin Jamus na farkon 1945 da ya fito tsaf, launi ya dace ko'ina, shi ne abin tuhuma.

Sai kuma lamba 83. Shekara da shekaru littattafai na cewa kore ne mai duhu, kamfanonin fenti na sayar da shi kore, dubban mutane sun shafa shi kore. Kwatsam wani mai bincike Bajamushe, Michael Ullmann, ya fito da takardun lokacin yaƙi da ke nuna 83 shuɗi ne mai duhu da aka tanada don jiragen da ke aiki a kan Bahar Rum. Koren da ake gani a jikin ɓaraguzan jirage yana nan, ba ƙarya ba ne, lambar da aka laƙaba masa ce ta zama abin tambaya. Yau za ka iya samun kwalabe biyu a shago ɗaya, kowacce an rubuta mata 83, ɗaya kore ɗaya shuɗi.

Shin ko kun san cewa jirgin Zero na Japan da ya kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941 ba fari ba ne? An daɗe ana zana shi fari-fari ko toka mai haske, domin haka yake a hotuna, haka kuma saman guntayensa yake bayan rana da iskar teku sun cinye shi. Da masu bincike suka goge wannan farin garin da ke sama, suka kuma duba wuraren da ƙarfe ya rufe ƙarfe, sai ga toka mai ɗan koren zaitun da ɗan ruwan zuma. Wani rahoton sojan ruwan Japan na 1942 ma haka ya siffanta shi. Har kamfanin Tamiya ya fitar da kwalba ta musamman, XF-76, domin wannan launi. Bugu da ƙari, kamfanoni biyu ne suka ƙera Zero, Mitsubishi mai asalin zane da Nakajima wanda ya fi shi yawan ƙira, kuma hannunsu ya bambanta. Da aka koma kore a sama a 1943, iyakar kore a jirgin Mitsubishi miƙewa take yi har wutsiya, ta Nakajima kuwa lanƙwasawa take yi ta hau sama. Ramin taya ma ba launi ɗaya suke masa ba.

Akwai kuma tatsuniyar Zero mai sauka a ruwa da aka ce shunayya ne a tsibiran Aleutian. An zana shi haka a littattafai da bayan kwalaye, an sayar. Bayanin da masana suka fi yarda da shi yanzu shi ne jan fentin shimfiɗa ne ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin tokan da ya koɗe.

Na Tarayyar Sobiyet gajere ne. Tsofaffin takardun cikin kwali kan ce kore da ruwan ƙasa. Da aka buɗe ma'adanar takardun Rasha sai ga kore da baƙi daga 1941, ciki shuɗi, sannan daga tsakiyar 1943 jiragen farauta suka koma toka iri biyu. Da hunturu a shafe su da farin ruwa mai wankuwa, wanda kafin bazara ya zama dabbare-dabbare. Italiyawa kuwa kowace masana'anta da salonta: jirgin C.202 da Macchi ya ƙera da kansa an san shi da korayen zobba a kan ruwan yashi, wanda Breda ya ƙera kuma ɗigo-ɗigo ne manya.

Shin ko kun san cewa hoto baƙi-da-fari na iya yi muku rantsuwa a kan ƙarya? Wani nau'in fim da aka yi amfani da shi sosai a farkon yaƙin ba ya ganin ja, yana kuma duhunta ruwan ɗorawa, shuɗi kuwa ya haskaka shi. A irin wannan hoto zoben ɗorawa da ke kewaye da tambarin jiragen Ingila kan fito kusan baƙi, shuɗin tambarin ya fito fari-fari. Mai hankali yakan fara duba tambarin, tunda ya san launinsa na gaskiya, sannan ya auna sauran jikin jirgin da shi. Hotuna masu launi akwai su, Kodachrome ya fito a 1935, Agfacolor na Jamus a 1936, amma shekaru sun juya wasu, bugu a mujalla ya ƙara juya su. Waɗanda ake yi wa launi da kwamfuta yanzu ana bazawa a intanet kuwa, ra'ayin mai kwamfutar ne kawai, ba hujja ba.

Shin ko kun san cewa lambobin FS da ake bugawa a takardun haɗa jiragen Amurka ba su wanzu a lokacin yaƙin ba? Kundin FS 595 a 1956 ya fito, shekara 11 bayan an ajiye makamai. Duk lambar FS da aka ba ka don jirgin 1943, makusanciya ce wani ya zaɓa. Launin da jiragen sojan ƙasa na Amurka suka shiga yaƙi da shi shi ne Olive Drab mai lamba 41 a sama, da ruwan toka mai lamba 43 a ciki. Wannan koren zaitun ba shi da alƙawari: kamfanoni da yawa ne suka dama shi, rana kuma ta mayar da wani ruwan ƙasa, wani ya yi haske, wani har ya ɗauko shunayya. Ku tsaya bakin titi a Kano ku dubi 'yan adaidaita sahu guda goma a jere. Ɗorawa ɗaya aka yi musu, amma na bana daban, wanda ya sha rani uku daban, wanda aka yi wa gyaran gefe kuma launi biyu yake ɗauke da shi. Haka layin B-17 yake a sansanonin Ingila. Sassan da aka lulluɓe da yadi, irin su abin juya wutsiya, sun fi jikin ƙarfe saurin koɗewa, kuma ana ganin haka ƙarara a hotuna.

Tambarin Amurka ma agogo ne ga mai lura. Jan ɗigon tsakiyar tauraro an cire shi a Mayun 1942 don kada a ɗauke shi jan da'irar Japan. An ƙara fararen sanduna a gefe da jan kewaye a Yunin 1943, kafin ƙarshen Satumba jan ya koma shuɗi. Ka ga jan kewaye, ka san damina ɗaya ce tak. Daga ƙarshen 1943 kuma aka fara fitar da jirage ba fenti, ƙarfe tsirara. Sai dai a kula da P-51 Mustang: gangar jikinsa ce tsirara, fukafukansa an cike ramukan ƙusoshi, an goge, an fesa musu fenti ruwan azurfa don iska ta zame sumul. Wanda ya bi fiffiken Mustang yana fito da kowace ƙusa ya yi aikin banza.

Shin ko kun san cewa bakin kifin nan mai haƙora da aka san jiragen P-40 da shi a Sin ba can aka fara shi ba? Matuƙan Amurka sun gan shi ne a hoton jiragen rukuni na 112 na Ingila a hamadar Masar a 1941, su kuma Ingilishin sun kwaikwayo daga jiragen Bf 110 na Jamus.

Shin ko kun san cewa ratsin baƙi da fari na ranar 6 ga Yunin 1944 a gurguje aka yi shi? Darasi ne daga Sisili, inda a Yulin 1943 dakarun ƙawance suka harbo jiragen jigilarsu 23 da hannunsu a dare ɗaya. Don mamayar Normandi aka tsara ratsi biyar, fari uku baƙi biyu, a fukafukai da gangar jiki, faɗin kowanne inci 18 ga jirgi mai inji ɗaya, inci 24 ga mai inji biyu. An ɓoye umarnin sai ana saura kwana biyu zuwa uku, aka raba buroshi, makanikai suka kwana suna shafawa. A ma'aunin 1/72 ratsin inci 18 milimita 6 ne da ɗan ɗoriya. Nan masu haɗawa suka rabu biyu: masu jan layi da salatif ya fito tsaf, da masu cewa a bar shi a karkace kamar na gaske. Ni dai ina ganin hoton jirgin ne alƙali, domin wasu rukunonin sun ja layi da kyau, wasu sun yi aikin gayya. Kuma karkatar da ta kai inci ɗaya a jirgin gaske, a 1/72 ba ta kai rabin milimita ba. Bayan kamar wata guda aka goge na sama, kafin shekara ta ƙare aka cire sauran.

Shin ko kun san cewa ko ka samu fentin asali daga gwangwanin 1940, in ka shafa wa ƙaramin jirgi zai iya fitowa da duhu? Kallon samfurin 1/72 daga nisan santimita 30 daidai yake da kallon jirgin gaske daga mita 21 da 'yan kai, kuma iskar da ke tsakani tana kashe kaifin launi. Shi ya sa wasu ke ɗiga fari kaɗan a fentinsu. Wasu na cewa wannan duk ƙaƙale ne. Abin da ba a musu a kansa shi ne gwaji. Masu harkar kan tanadi fararen cokulan roba, su fesa wa bayan kowane cokali launi ɗaya, su rubuta lambar a mariƙi, su bari ya bushe, sannan su fita da su tsakar gida da hantsi. Launin da ya yi kyau a ƙarƙashin ƙwan lantarki sau da yawa yakan canza fuska a rana, man sheƙin da ake shafawa a ƙarshe kuma ya ƙara masa duhu. Sunan da ke jikin kwalba ma ba a sakankance da shi. Shekara da shekaru yaran Ingila sun shafa fentin Humbrol 30 a matsayin koren jiragensu saboda takardar kwali ta ce haka, alhali ya fi na gaske karkata ga shuɗi.

In kun buɗe kwali ba ku ga alamar 'yan Nazi ta kan wutsiya a cikin sitika ba, ba mantuwa ba ce. Dokar Jamus ta hana baje ta, don haka kamfanoni da yawa ke cire ta, wasu kuma su buga ta a rabe gida biyu.

Shin ko kun san cewa yawancin jiragen gidajen tarihi ba fentinsu na yaƙi ne a jikinsu ba? An sake musu, wani lokaci da fentin zamani mai sheƙi don ya jure. Waɗanda ba a taɓa ba 'yan kaɗan ne, shi ya sa masu bincike ke yi musu zarya. Akwai Bf 109G a gidan tunawa da yaƙi na Kanbera a Ostareliya da har yau yake cikin fentinsa na 1944. Akwai Halifax da aka tsamo daga wani tafki a Nowe a 1973, aka ajiye shi a Landan yadda aka same shi. Akwai B-26 mai suna Flak-Bait a Amurka, wanda ya kai hari fiye da sau 200, da facinsa da ƙujewarsa. A Yeovilton ta Ingila kuwa ma'aikata sun shafe shekaru suna kankare fentin da aka yi wa wani Corsair mai lamba KD431 bayan yaƙi, a hankali, inci bayan inci, har na asali ya bayyana da tabon mai da sawun takalman makanikai.

Akasin haka ya faru da wani Kittyhawk na rukuni na 260 da ya ɓace a hamadar Masar a Yunin 1942, matuƙinsa Dennis Copping bai dawo ba. A 2012 masu neman mai suka ci karo da shi kusan cikakke, ragowar fentin hamada da haruffansa na nan a jiki bayan shekara 70. Da ya bayyana a gidan tarihi na El Alamein bayan 'yan shekaru, an yi masa sabon fenti mai kauri, an zana masa bakin kifi mai haƙora wanda bai taɓa ɗauka ba. Duk mai son haɗa wannan jirgi yanzu, hotunan da aka ɗauka a cikin yashi a 2012 zai nema.